DOKAR SAYAR DA GIDAJEN HAYA SASHE-SASHE A SAN FARANSISKO

A manyan biranen ƙasar Amurka akwai wata gardama wadda ta fi shekara arba'in tana tashi tana kwantawa tsakanin masu gidajen haya da 'yan haya da majalisun birane. Tushen gardamar shi ne, shin mutumin da ya mallaki babban gidan bene mai sassa da yawa yana ba da su haya, yana da iko ya wayi gari ya sayar da ko wane sashe ga mai kuɗinsa, ko kuwa hukuma tana da ta cewa? Mun ga ya kyautu mu bayyana wa masu karatu wannan al'amari, domin waɗanda ya fi shafa a can su ne takwarorinku, watau malaman makaranta da akawuna da masu jiyya a asibiti, mutanen da albashinsu ya isa biyan haya amma bai isa sayen gida ba.

Irin wannan mallaka Amurkawa suna ce da ita kondo. Ma'anarta ita ce ginin guda ne, amma ko wane sashe da mai shi da takardarsa ta mallaka, yana iya sayarwa ko ya jinginar ba da shawarar maƙwabcinsa ba. Matakala da rufi da tsakar gida kuwa na tarayya ne, kowa ya kan ba da nasa kason don gyara. Abin ya soma ƙarfi ne bayan 1961, sa'ad da Gwamnatin Tarayyar Amurka ta yarda ta tsaya wa masu karɓar rancen banki don sayen irin waɗannan sassa. Da farko sababbin gine-gine a ke yi domin haka. Daga baya masu tsofaffin gidajen haya suka lura in sun sayar da sassan ɗai-ɗai, kuɗin da za su tara ya fi na sayar da ginin dunƙule. Ma'aikatar Gidaje ta ƙasar ta ƙididdige a 1980 cewa tsakanin 1970 da 1979 an juyar da sassan haya wajen 366,000 zuwa na mallaka, mafi yawansu kuwa cikin shekaru ukun ƙarshe.

Dalilin da ya sa aka taƙaita

Birnin San Faransisko, a Jihar Kalifoniya, shi ne ya fi dacewa a yi misali da shi. Ƙaramin birni ne wajen faɗin ƙasa, bai wuce murabba'in mil 47 ba, ga ruwa ya kewaye shi ta fuska uku, ga mutane fiye da 870,000 a ƙidayar 2020. Kusan kashi biyu cikin uku na magidantan birnin haya su ke zaune. A 1979 Majalisar Birnin ta kafa dokar ƙayyade kuɗin haya a kan gidajen da aka gina kafin watan Yuni na wannan shekara. Bisa ga dokar, muddin ɗan haya yana cikin sashensa, ba a ƙara masa kuɗi a shekara sai gwargwadon wani kaso na tashin farashin kayan masarufi. Saboda haka malamin da ya shekara ashirin a sashe guda ya kan biya abin da bai kai na sabon shiga ba ko kusa.

To, a nan ne lissafin mai gida ya ke canzawa. In doka ta hana shi ƙara haya, amma ta bar shi ya sayar, ai ta rufe ƙofa ne ta bar taga a buɗe. Mai sayen sashe galibi shi da kansa ya ke so ya zauna ciki, doka kuwa ta yarda mai gida ya tashi ɗan haya in zai shiga da kansa, bisa waɗansu sharuɗɗa. Bugu da ƙari, a 1995 Majalisar Jihar ta yi wata doka mai suna Costa-Hawkins, wadda ta fitar da sashen da aka sayar ya zama mallakar mutum guda daga ƙaidin kuɗin haya. Ke nan duk sashen da aka juyar ya fita daga hannun masu ƙaramin albashi, ko da mai shi ya sake ba da shi haya daga baya.

Don a toshe wannan kafa, tun farkon shekarun 1980 birnin ya yanke cewa ba za a juyar da fiye da sassa 200 a shekara ba. Ginin da ya wuce sassa shida ba shi da hanya sam. Masu sassa shida zuwa ƙasa kuwa a lokacin sai su shiga ƙuri'ar sa'a, wanda sunansa ya fito shi a ke ba izini. An ɗan sassauta wa gida mai sassa biyu kaɗai in masu shi duka biyu sun zauna ciki shekara guda. Waɗansu birane sun bi wata hanya dabam. A Washinton, babban birnin ƙasar, dokar 1980 ta ce sai fiye da rabin 'yan hayan gini sun yarda kafin a juyar da shi, kuma in za a sayar su a ke fara yi wa tayi. A birnin Niyu Yok kuwa, a 2019 an ɗaga adadin da a ke bukata daga kashi 15 cikin ɗari na sassan zuwa kashi 51, kuma sai masu sayen sun kasance 'yan hayan da ke ciki.

Yadda aka zagaye dokar

Amma Hausawa sun ce in an toshe wa ruwa hanya ya kan nemi wata. A 1984 Babbar Kotun Kalifoniya ta goyi bayan birnin Santa Monika, wanda ya hana wani mai gida rushe gidansa na haya. Sai masu gidaje suka kai kuka Majalisar Jiha, a 1985 aka yi dokar Ellis, wadda ta ba mai gida iko ya bar sana'ar haya ɗungum, ya sallami 'yan hayan ginin gaba ɗaya. Wa'adin da a ke ba su kwana 120 ne, tsofaffi da naƙasassu kuwa shekara guda.

Da aka haɗa wannan doka da wata dabara sai aka sami mafita. Dabarar ita ce mutum huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi ginin tare da takarda guda, kamar yadda magada su kan yi tarayya a gidan gado, sa'an nan su rubuta yarjejeniya a tsakaninsu kowa ya ɗauki sashe. A wurin doka ba a juyar da kome ba, amma a zahiri 'yan haya sun fita, masu mallaka sun shiga. Waɗannan masu tarayya kuma su ne su kan cika layin ƙuri'a ko wace shekara kafin 2013, domin rancen banki a kan irin tasu mallaka ya fi tsada, sayar da ita kuma ta fi wuya. Yawancinsu ba attajirai ba ne, ma'aikata ne da suka tara abin da suka tara suna neman wurin da za su kira nasu.

Da layin ya yi tsawo, a watan Yuni na 2013 Majalisar Birnin ta yi sulhu. Aka yarda wa sassan tarayya wajen 2,200 su zama kondo ba tare da ƙuri'a ba, bisa sharaɗin biyan kuɗi har dala 20,000 a kan ko wane sashe, a zuba cikin asusun gina gidaje masu rahusa. Ɗan hayan da ke zaune a irin wannan gini kuma dole a yi masa tayin haya ta tsawon ransa. A madadin haka aka dakatar da ƙuri'ar na aƙalla shekara goma.

Abin da bincike ya nuna

Shin taƙaitawar ta yi amfani? A 2019 waɗansu malamai uku na Jami'ar Stanford, Rebecca Diamond da Tim McQuade da Franklin Qian, sun buga sakamakon bincikensu a kan ƙananan gidajen da jama'ar birnin suka jefa ƙuri'a a 1994 aka shigar da su cikin dokar haya. Sun tarar 'yan hayan waɗannan gidaje sun fi sauran daɗewa a unguwanninsu, musamman tsofaffi. Amma sun tarar kuma masu gidajen sun rage sassan da su ke ba da haya da kashi 15 cikin ɗari, ta hanyar juyar da su zuwa mallaka ko rushewa a sake gini, abin da ya ɗaga kuɗin haya a birnin duka da kimanin kashi 5 cikin ɗari. Masu adawa da dokar haya sun ce ga hujjarsu nan. Masu goyon bayanta kuma sun ce wannan shi ya nuna kafofin da aka bari a buɗe su ne cutar.

A ganinmu ko wane ɓangare yana da rabin gaskiya. Birnin da ya ƙayyade kuɗin haya tilas ya taƙaita juyarwa, in ba haka ba dokarsa ta zama ɗibar ruwa da kwando. Amma taƙaitawa tsare abin da ke akwai kaɗai ta ke yi, ba ta ɗora tubali ko guda. Tana kare wanda ke cikin ɗaki a yau, alhali sabon malamin da aka ɗauka bana yana waje yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa, ma'aikacin da ke son mallaka kuma an ƙuntata masa hanya mafi sauƙi. Hukumar Jihar ta gane haka, shi ya sa ta wajabta wa San Faransisko ta shirya wurin gina sassa 82,000 tsakanin 2023 da 2031, fiye da rabinsu domin masu ƙarami da matsakaicin samu.

Ko da ya ke yanayin ya bambanta, ma'aikatanmu sun ga ɗan kamancen wannan a Abuja, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta soma sayar da gidajenta a 2005, aka fara yi wa mazauna cikinsu tayi. Wanda ya saya ya amfana, amma wanda aka ɗauka aiki bayansa bai tarar da gidan ba. Saboda haka duk hukumar da a ke neman izininta a fitar da gida daga haya, ya kamata ta fara tambaya: ina wanda ke ciki zai koma, sassa nawa kuma aka gina a madadin wanda zai fita? In amsar ba ta fito da adadi ba, to a jinkirta sa hannu. Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci tsakanin mai gida da ɗan haya.