Gecheme: an rage kuɗin jinya, saura mai koya wa sabon ma'aikaci aiki

Tun ranar 1 ga Satumban 2024 gwamnatin Nijar ta rage rabin kuɗin jinya a likitocin gwamnati, haihuwa kuma ta zama kyauta. Matakin ya ɗoru kan wanda aka ɗauka a 2006, lokacin da aka yafe kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da na awon ciki. A karkara irin ta Gecheme, cikin gundumar Tibiri a jihar Doso, inda ƙidayar 2012 ta nuna mutane fiye da dubu 100, wannan sauƙi ne babba. Amma kuɗi ba su kaɗai ke hana mace zuwa likita ba.

Masanin nan Jean-Pierre Olivier de Sardan, na cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai, ya daɗe yana nazarin wannan matsala. Hanyar bincikensa ita ce zama cikin ɗakunan jinya, a ga abin da ke gudana, a saurari majinyata da ma'aikata. Littafin da suka fitar da Yannick Jaffré a 2003 ya duba likitocin Yamai, Bamako, Dakar, Konakiri da Abijan. Sun tarar da tsawa, da ko-in-kula, da fifita mai hanya a kan baƙon fuska.

Abin lura a binciken shi ne inda ake koyon wannan hali. Ɗalibi yana karanta ƙa'ida a makarantar ENSP ta Yamai ko ta Damagaram, amma sana'ar a ɗakin jinya yake ɗaukar ta, daga waɗanda ya tarar. In ya ga ana yi wa mai naƙuda tsawa, shi ma zai yi. Ranar da aka tura shi wata CSI ta ƙauye, sau da yawa shi ne majo, shi ne mai karɓar haihuwa, shi ne mai cika rajista, ba wanda zai tambaya.

Rage kuɗi zai iya ƙara yawan masu zuwa. In layi ya yi tsawo, hannu kuma bai ƙaru ba, tarbar ce za ta fara lalacewa. Mutanen Arewa kuwa suna da zaɓi: iyakar Najeriya na kusa, masu tallar ƙwaya na cikin kowace kasuwa. Macen da aka wulaƙanta sau ɗaya, haihuwa ta gaba a gida za ta yi.

Gyaran bai fi ƙarfin gunduma ba. Akwai tsofaffin ma'aikata da ungozomomi da jama'a suka shaide su da kirki. A haɗa kowane sabon ma'aikaci da ɗaya daga cikinsu, ya ziyarce shi, su duba majinyata tare, ya iya kiransa ko da tsakar dare. Ziyarar shugabannin gunduma ma kada ta tsaya ga duba takardu. Da tsohuwar zuma ake magani.