Sanarwar gwamnati a intanet: makaho fa?

A ƴan shekarun nan aikin gwamnati yana ta ƙaura daga kan tebur zuwa intanet. Sakamakon jarrabawa, da sanarwar ɗaukar ma'aikata, da bayanin taron majalisar ministoci, sau da yawa a can ake fara ganinsu kafin a liƙa su a bangon ma'aikata. Wannan ci gaba ne, domin mutumin Tasawa ko na Ƙonni ba sai ya biya kuɗin mota zuwa Yamai ba. To amma wanda ba ya gani, yaya za shi yi?

Da yawa daga cikin ma'aikatanmu ba su san makaho yana aiki da salula da kwamfuta ba. Akwai manhajar da take karanta masa rubutun da ke bisa allo da murya, kamar TalkBack da ke cikin wayoyin Android, ko NVDA wadda ake samu kyauta tun 2006. Sai dai ita wannan manhaja haruffa take karantawa, ba kullum take gane abin da ke cikin hoto ba. Ga kuwa al'adar ofisoshinmu: sakatare ya buga takarda, shugaba ya sa hannu, a danna hatimi, kana a ɗauki hoton takardar a ɗora a shafi. Ga mai ido, takarda ce cikakkiya. Ga makaho kuwa, sau da yawa muryar za ta ce masa «hoto», ta yi shiru. Kafin ya sami wanda zai karanta masa, wataƙila ranar rufe karɓar takardu ta wuce. Ni kaina na daɗe ina fassara sanarwa ina miƙa ta a ɗauki hotonta, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Haka nan karkatattun haruffan da ake cewa mutum ya kwafa don a tabbatar shi ba na'ura ba ne, su ma shinge ne gare shi. Kurma kuma, in aka sa jawabi a bidiyo babu rubutu a ƙasa, babu mai maganar hannu a gefe, sai ya yi ta kallon motsin baki.

Ba rashin doka ne ya kawo haka ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma aya ta 9 ta yarjejeniyar ta ambaci intanet da sunanta cikin abubuwan da ya wajaba hukuma ta sauƙaƙa musu. A watan Disamba na 2019 an kafa doka mai lamba 2019-62 kan shigar da naƙasassu cikin harkokin ƙasa. Dokokinmu sun ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ina amfanin gurbin da aka ware wa mutum, in sanarwar jarrabawar shiga ta zo a siffar da ba zai iya karantawa ba?

Abin da ya faru a Faransa ya isa a yi nazarinsa. A 2005 suka yi dokar da ta tilasta wa ma'aikatun gwamnati su gyara shafukansu, amma takardar zartar da ita ba ta fito ba sai 2009. Suka tsara kundin ƙa'idodi mai suna RGAA, wanda a yau yake da sharuɗɗa 106, duk da haka ma'aikatu da dama suka yi biris, domin babu mai bin sawu. Sai a 2023, watau bayan shekara 18, aka ba hukumar Arcom ikon cin tarar da ta kai yuro 50.000, kusan miliyan 33 na kuɗin sefa. Ƙasar da take da kuɗi da gwanaye ke nan. A ganina kuskurensu shi ne sun bari an gina dubban shafuka a karkace, kana suka dawo suna neman miƙe su.

Mu a nan yawancin ayyukan gwamnati ba su gama shiga intanet ba tukuna, kuma wannan jinkiri dama ce. Magini ya san yi wa keken guragu hanya tun wajen aza tubali ya fi sauƙi bisa fasa matakala daga baya. Ƙa'idodin duniya da ake kira WCAG suna nan tun 1999, kowa yana iya ɗaukarsu ba da ko dala ba: rubutu ya zama rubutu na gaske, kowane hoto a yi masa bayani, launin haruffa ya bambanta sosai da na allo, a iya bin shafi da maɓallan kwamfuta kaɗai. Abin da ya rage shi ne hukumar ANSI da ma'aikatu su rubuta wannan sharaɗi cikin takardar kwangila, kada kuma a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai an zaunar da makafi da kurame sun gwada shafin da hannunsu. Ƙungiyar makafi ta ƙasa da makarantar makafi ta Yamai ba su rasa masu iya wannan aiki ba. Game da hatimi kuwa, ba wanda ya ce a jefar da shi: a ɗora hoton takardar don shaida, a sa rubutunta a gefe.

Saura batun harshe, wanda ya fi damuna a matsayina na mai fassara. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa. Amma muryoyin da aka fi samu cikin wayoyin mutane na Faransanci ne da Ingilishi. In suka gamu da ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ sai su tsallake ko su dagula kalmar. Saboda haka kowace muhimmiyar sanarwa ya kamata a haɗa ta da muryar mutum da aka naɗa, da Hausa, da Zabarmanci, da sauran harsunanmu. Tsohon da idonsa ya yi rauni zai amfana, haka ma wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci yana haɗa baƙi sannu sannu. Masu yin aikin ma ba sai an nemo su daga nesa ba, tunda a gidan rediyon Muryar Sahel akwai waɗanda kullum suke karanta labaru da sanarwa cikin waɗannan harsuna.