Garantin Baka da Rumbun Kwamfuta

Malamin makaranta a yau ba ya rabuwa da kwamfuta. Tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai da tsarin darasi, har ma da kundin bincikensa, duk a cikinta suke kwana. Ma'ajiyar da suke ciki ita masu gyara ke kira had-dis, mu kuwa a nan za mu kira ta rumbun kwamfuta, domin aikinsa da na rumbun hatsi ɗaya ne. A cikinsa akwai faya-fayai masu juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da wata 'yar allura da ke shawagi a kansu ba tare da ta taɓa su ba. Faɗuwa ƙasa ko tsananin zafi ko yawan ɗaukewar wuta na iya sa ya fara ciwo. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: kwamfuta ta yi nauyi, fayil ya ƙi buɗewa, ko a riƙa jin ƙas-ƙas daga ciki. Sabon samfurin da babu faifai a cikinsa kuwa yakan mutu ne shiru, ba ko tari.

Malamin da ke koyarwa a Kabo ko Garo ko Gwarzo, in zai sayi kwamfuta, galibi mota zai shiga zuwa Kano, ya nufi titin Beirut. Abin da aljihunsa zai iya ɗauka kuwa gwanjo ce, wadda ta gama aiki a Turai ko Amurka, garantin kamfaninta ya daɗe da ƙarewa. Garantin da ya rage masa shi ne na baka: "In ta ba ka matsala ka dawo da ita." Ina roƙon ɗalibai su dubi wannan jimla da idon nazari. Jimlar sharaɗi ce wadda ba ta da wa'adi. Ba ta fayyace mece ce matsala ba, balle wanda zai yanke hukuncin cewa an same ta. Mafi muni, umarni ta bai wa mai saye, ba ta ɗora wa mai sayarwa komai ba. Ka dawo da ita, sannan me? A gyara, ko a musanya, ko a maido kuɗi? A ra'ayina wannan sallama ce kawai irin ta kasuwa, bai kamata mai ilimi ya ɗauke ta a matsayin alkawari ba.

Wani zai ce ai da baki iyayenmu suka yi ciniki, kuma bai ci su ba. Gaskiya ne. Amma a karar Getso, idan an sayi sa, akwai dillali da ya san mai saye da mai sayarwa, ga shaidu a tsaye, kuma fiƙihun Malikiyya ya bai wa mai saye damar mayar da haja idan ɓoyayyen aibi ya bayyana. Cinikin kwamfuta ba shi da wannan dillali, kuma aibin rumbu kan yi makonni kafin ya fito. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin majalisar da aka kafa a 1992, ta bai wa mai saye wata uku ya mayar da kayan da suka gaza, a gyara ko a musanya ko a biya shi. Sai dai doka hujja take nema, hujjar kuwa rasit ne mai kwanan wata da lambar jikin kwamfutar da wa'adin garanti a rubuce. Wanda ya karɓi takarda mai cewa "kwamfuta guda ɗaya" kurum, cinikin biri a sama ya yi.

Ko da rumbun sabo ne, daga Seagate ko Western Digital ko Toshiba, garantinsu na yau da kullum ƙarfen yake lamuncewa, ban da abin da ke ciki. Za su aiko da wani, sau da yawa ma wanda aka gyara ne, amma makin ɗalibai na zango uku ya tafi. Saboda haka da zarar an ji ƙas-ƙas, abin farko shi ne a kwashe muhimman fayiloli zuwa filashi ko ma'ajiyar intanet, sannan a kashe kwamfutar, domin kowace kunnawa ƙara raunata faifan take. Bayan haka ne za a nemi mai shago. Kada kuma a yarda mai gyara ya kwance murfin rumbun don ya "duba": ƙura ƙwaya ɗaya ta isa ta ƙarje faifai, kuma da zarar hatimin ya yage, kamfani ba zai karɓe shi ba.