Sunan Yanka Ko Laƙabi? Martani Ga Masu Raɗa Wa Salon Kwamfuta Suna

Na daɗe ina danne wannan magana don gudun kada a ce malamin makaranta ya shigo da darasin aji cikin zauren adabi, to amma abin ya kai inda shiru ba zai yi ba. Wata al'ada ce ta fara kama gindi a tsakaninmu, wadda masu yin ta suke kira kishin harshe, ni kuwa ban ga komai a cikinta ba sai ƙarin wahala ga editoci da masu ɗab'i da su kansu marubutan.

Bari in fara da bayani saboda waɗanda ba su saba ba. Idan manazarcin adabi ya ce salo, yana nufin hanyar da marubuci ya bi ya isar da saƙonsa. A manhajar buga rubutu irin su Microsoft Word kuwa, salo wani ƙunshi ne na umarni da aka ba suna guda: irin harafi, girmansa, kaurinsa, tazarar layi, da filin da za a bari sama da ƙasa. Da zarar ka ɗora sunan a kan sakin layi, duk umarnin sai ya hau kansa. Fayil ɗin da ake tara waɗannan salailai a ciki don a riƙa buɗe sabon aiki da shi, ni mazubi nake kiransa, domin aikinsa ɗaya da mazubin bulo. Tun daga Word 2007 irin wannan fayil yana ƙarewa da .dotx, kafin nan kuwa .dot ne.

Word tana zuwa da salailanta na gado. Akwai Normal, wanda shi ne tushen mafi yawansu; akwai Heading 1 har zuwa Heading 9 don kanun magana daki-daki; akwai Title, da Body Text, da Caption na bayanin hoto, da Footnote Text na bayanin ƙasan shafi. Ban da waɗannan, an ba mutum dama ya ƙirƙiri nasa ya raɗa masa sunan da ya ga dama. Daga nan rigimar ta taso. Wasu daga cikinmu sun ce tunda da Hausa muke rubutu, bai kamata a ga sunan Turanci a mazubinmu ba, don haka sai su watsar da na gadon, su ƙirƙiri "Babi", da "Ƙaramin Kai", da "Gangar Labari", su rarraba wa matasa masu tasowa a matsayin ci gaba.

Ni malami ne, saboda haka da rajista zan yi misali. Yaro yana iya zama Baba a gida, Ɗanlami a unguwa, abokansa kuma su laƙaba masa wani sunan a filin ƙwallo. Duk wannan ba laifi. Amma ran da za a cika masa takardar jarrabawar WAEC, sunan yanka ake rubutawa, domin shi ne hukumar za ta sani, shi jami'a za ta nema, shi kuma zai bi shi har wurin neman aiki. Heading 1 sunan yanka ne. Manhajar ta san shi, ta san matsayinsa, kuma ayyuka da dama an ɗaure su a jikinsa.

Ga su nan. Idan ka umarci Word ta fitar maka da jerin abubuwan da ke ciki, kai tsaye Heading 1 da 2 da 3 take bi ta kwaso su tare da lambobin shafukansu. Tagar nan ta gefe da ke nuna maka ƙashin bayan littafinka, wadda daga Word 2010 har kana iya jan babi guda da duk abin da ke ƙarƙashinsa ka mayar da shi gaba ko baya, da matakan kanun nan take aiki. Idan ka juya aikin zuwa PDF, daga kanun ake iya fitar da alamomin da mai karatu zai danna ya faɗa babin da yake so. Masu son mayar da littafinsu na karantawa a waya, manhajojin da ke wannan juyi su ma kanun gado suke fara dubawa don su gane inda babi ya soma. Sannan akwai wanda ba mu cika tunawa da shi ba, wato makaho mai karatu da manhajar da ke karanta masa rubutu da murya. Da kanun nan yake tsallake daga babi zuwa babi. In ba su, sai ya saurari littafin tun daga farko kamar mai bin kaset.

Abu na gaba ya fi ba ni dariya game da da'awar kishin harshe. Sunan gado shi ne ma yake jin harsuna. Fayil ɗin da aka buga a Kano da Heading 1, idan ɗan'uwanmu na Damagaram ko Maraɗi ya buɗe shi a Word ta Faransanci, zai ga Titre 1, kuma komai zai yi masa aiki daidai. Bajamushe zai ga Überschrift 1. Manhajar ta san abu guda ne ya sauya riga. Haka idan aka buɗe shi a LibreOffice, wadda aka fara a 2010 kuma kyauta ake samunta, za ta gane shi ta ajiye shi a gurbinsa. "Babi" kuwa duk inda ya je baƙo ne, ba mai fassara shi, ba wanda ya san ko kai ne ko ƙafa.

Ba a littafi na karanta wannan ba, a jikina na ji. An taɓa ɗora mini nauyin tattara gajerun labaran ɗalibai da na wasu abokan aiki don a fitar da su a littafi guda. Kowa ya kai nasa shagon buga takardu daban. Da na haɗa fayilolin, sai na tarar da kan labari yana da sunaye barkatai: wannan "Take", wancan "Kai Babba", wani kuma mai shagon ya raɗa wa salon sunan shagonsa, wai don kada a sace masa fasaha. Na nemi jerin abubuwan da ke ciki, kwamfuta ta ce ba ta ga kai ko ɗaya ba. Hutun ƙarshen zangon da na ƙudurta zan yi makin takardu da shi, a nan ya ƙare, ina bin shafi ɗaya bayan ɗaya. Da a ce duk sun yi amfani da Heading 1, da gyara ɗaya zan yi a mazubina, kanun duka su daidaita lokaci guda.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba zan ɓoye ta ba. Za a ce ai salon da mutum ya ƙirƙira ana iya ba shi matakin kai, a kuma shaida wa jerin abubuwan da ke ciki ya riƙa ɗaukarsa. Gaskiya ne, ana iyawa. Amma mutum nawa ne cikin masu raɗa sunan suka san inda wannan saiti yake? Kuma me ya kai ka haƙa rijiya a bakin kogi? Za a kuma ce idan ka kwafi rubutu mai salon gado ka zuba a fayil ɗin wani, kamanninsa sukan rikiɗe su bi na mai masauki, alhali baƙon suna yakan tafi da kamanninsa. Wannan ma haka yake, sai dai abin da suke kira aibi shi ne ainihin abin da editan mujalla irin wannan yake roƙon Allah Ya ba shi. Shi so yake maƙalarka ta shigo ta sa rigar gidan, ba ta zo masa da jan harafi mai lanƙwasa da ka zaɓa tsakar dare ba. Kamfanonin ɗab'i manya da ke da nasu sunayen salo suna da ma'aikatan da aka horar a kan su, da tsarin aiki da aka gina a kai. Mu da ke karɓar rubutu daga waya da shagunan kan titi ba mu da wannan gatan.

Wasu kuma ƙin na gadon suke yi don wai kamanninsa ba su yi musu ba, launin bai dace ba ko harafin ya yi girma. Wannan rashin sani ne kawai. Salon gado ana gyara shi yadda aka so: sauya masa harafi, mayar da shi baƙi, kai shi tsakiyar shafi, umarce shi ya riƙa fara sabon shafi a kowane babi. Sunan kawai za ka bari. Gargaɗi ɗaya zan yi a nan: a yi hattara da Normal, domin salailai da yawa daga gare shi suke gadon siffa, in ka taɓa shi sai ka ga har bayanin ƙasan shafi ya motsa. Gara a sa zube a Body Text a gyara shi can.

Kada a ɗauka na haramta ƙirƙira. Akwai abubuwan da muke rubutawa waɗanda masu Word ba su tanadar musu gurbi ba. Baitin rubutacciyar waƙa mai ƙwar biyar yana bukatar ɗangayensa su zauna tare kada shafi ya raba su. Kirari yana son tsayuwarsa daban. A wasan kwaikwayo, sunan mai magana da umarnin dandamali kowanne da shigarsa. A irin waɗannan wurare ƙirƙiri salonka, ka kira shi "Baiti" ko "Kirari" ko "Umarnin Dandamali", ba wanda zai ce maka don me, domin ba ka ture kowa daga kujerarsa ba. Sharaɗin dai sunan ya faɗi aikin da salon yake yi, kada ya faɗi kamanninsa. Wanda ya kira salo "Ja Mai Kauri", ran da edita ya mayar da shi baƙi siriri, sunan ya zama ƙarya.

Ga wanda kuma ransa ba zai kwanta ba sai ya ga Hausa a jerin salailansa, Word ta riga ta yi masa tanadi. Buɗe wurin gyaran salon, bayan sunan gado ka sa waƙafi ka rubuta naka: Heading 1,Babi. Shi ke nan ya samu laƙabi, sunan yankansa kuma yana nan daram. Kai ka kira shi Babi, manhajar ta ci gaba da saninsa da sunan da ta sani, jerin abubuwan da ke ciki ya fito, ɗan'uwanmu na Nijar ya buɗe ba tare da ciwon kai ba.

Ina kira ga masu kula da wannan mujalla da su fitar da mazubi guda a kan wannan tsari, su raba wa duk mai son aiko da rubutu: kanu da zube da bayanin hoto a kan sunayen gado, waƙa da kirari da wasa a kan namu. Masu buga kan labari ta hanyar danna maɓallin tazara har sai ya kai tsakiyar shafi kuwa, nasu zancen sai a fitowa ta gaba, in editoci sun sake ba ni fili.