Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Magajin Garin Tahoua: A Keɓe Wa Yara Dandali Kafin Filaye Su Ƙare



Buƙata guda ce ta sa na rubuto muku wannan wasiƙa a bainar jama'a, kuma mafi yawanta a hannunku take, domin tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024, nauyin da a da yake kan kansiloli da dama ya dawo kan kujerar da kuke zaune a kai. Buƙatar ita ce kowace unguwa ta Tahoua, tsohuwa da sabuwa, a keɓe mata fili guda na yara, a auna shi, a kafa masa duwatsun iyaka, a rubuta shi a kundin filaye da sunan jama'ar unguwar, yadda ba wanda zai wayi gari ya yanka shi ya sayar. Abin da nake nufi shi ne dandali, irin wanda kowane ƙauye na Adar ya sani tun kaka da kakanni: fili mai rairayi da inuwa, inda ƴan mata ke gaɗa, samari ke langa da kokowa, tsofaffi ke haƙa ramukan dara a gefe suna sa ido ba tare da an ɗora musu aikin ba. Zan kuma yi maganar karnuka, don na san ita ce za a fara jefo mini.

Lokacin da Tahoua take ƙauyuka biyu, Bilbis da Fakawa, ba wanda ya buƙaci takarda don ya tsare dandali, saboda ƙasa ta ishi kowa, in wannan fili ya cika sai yara su matsa gaba. Yau zancen ya sauya. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta riga ta sami mutane fiye da dubu ɗari a birnin, jami'ar da aka buɗe a 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, ta jawo ɗalibai da ma'aikata, rashin tsaro a arewa ya koro iyalai zuwa gari, sa'annan duk Ba'adaren da ya tafi biɗa Abidjan ko Libiya, abin da ya fara sa wa gaba in ya tara ɗan abin hannu shi ne fili a gida. Wannan ba laifi ba ne, shi ne ma ya gina rabin garin. Sai dai sakamakonsa shi ne kowane taku na ƙasa ya zama kuɗi, kuma a kasuwar da ake ciniki da kuɗi, yaro ɗan shekara bakwai ba shi da abin tayi. Ga shi kuwa kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Mutanen da suka fi kowa yawa a gari su ne ba a ware wa ko taku ɗaya.

To ina suke wasa? A kan titi. Duk mai ido ya ga yadda ake yi da la'asar sakaliya: a ajiye takalma biyu nan, biyu can, su zama raga, a fara buga ƙwallon da iska ta riga ta fice daga cikinta, ɗaya daga cikin yaran ya zama mai tsaron hanya, in ya hango ɗan kabu-kabu ya yi ihu, wasa ya tsaya, kowa ya manne da bango, babur ya wuce, a ci gaba. Ranar da mai tsaron ya shagala da kallon ƙwallo, a gidan likita ake ƙarasa wasan. Da damina kuma sai su koma tafki da kududdufan da aka haƙa don yin tubali, inda ake kamuwa da tsargiya, inda kuma ruwan da ya yi kama da na wanka kan ɓoye rami mai zurfin gaba biyu. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990, kuma sashe na 31 na yarjejeniyar ya lissafa wasa da hutawa cikin haƙƙoƙin yaro. Amma ko babu wannan takarda, uwar da ke aikin gida kunnenta na kan titi ta fi kowace yarjejeniya sanin abin da ake magana a kai.

Dalilin gaggawar shi ne fili ba ya dawowa. Titin da ba a shimfiɗa bana ba za a iya shimfiɗa shi baɗi, amma filin da aka yanka aka gina ya tafi ke nan. Yamai ta ishe mu misali. Tun 1965 aka fara dasa kurmin itatuwan da ya kewaye babban birnin, har ya haura hekta 2,000, amma da gari ya bunƙasa sai aka riƙa gutsurarsa kaɗan-kaɗan, wannan da takarda, wancan da sanayya, har aka kai gwamnatoci na kafa kwamiti bayan kwamiti don ceto abin da ya rage. In haka ta sami kurmin da duk ƙasa ta sani, ina ga ɗan filin da aka bari babu suna a bayan Wadata ko Sabon Gari? Taswirar yankan filaye takan nuna wuraren da aka ware don amfanin jama'a, amma wurin da ba shi da shinge, ba shi da mai shi, ba shi da yara a cikinsa, juji yake fara zama, in ya zama juji kuma sai a sami mai cewa gara a ba shi ya gyara. Bikin Tahoua Sakola na 18 ga Disamban 2017 ya kawo wa gari tituna da gine-gine da fitilu, ba mai musun haka, sai dai kusan duka don manya da baƙi aka yi su. Muna alfahari da filin kokowa na Hamidine Maïdaré, muna cika shi maƙil in ana gasar kokowar neman takobi, amma babu ɗan kokowar da ya fara koyon kaye a can. A rairayin unguwa ake fara shi, in akwai rairayin.

Za a ce mini babu ruwa, babu kuɗi, garin da ruwan samansa ke tsakanin milimita 350 zuwa 400 a shekara, zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ba wurin lambun shaƙatawa ba ne. Da ciyawa kore da famfon fesa ruwa nake nema, da na karɓi wannan hujja. Amma a ce Adar ba ta iya tsirar da itace a busasshiyar ƙasa ba, wannan mantuwa ce da tarihinmu na jiya-jiya. A kwarin Majiya, tun 1975 manoma suka dasa layuka na bedi don tare iska. A Keita, daga 1984, mata ne akasari suka ɗauki duwatsu a ka suka gina shingayen tare ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa a kan tsaunukan da aka riga aka yanke wa ƙauna. A ƙasar Illela manoma suka mayar da faƙo gona da ramukan tassa. Mutanen da suka yi wannan aiki, ko ƴaƴansu, suna nan cikin garin nan. Bedi, aduwa, kurna, magarya, ba su neman komai sai ban ruwa na rani biyu da kariya daga awaki. Kuma a nan ne ake faɗuwa kullum: kowace ranar 3 ga Agusta ana dasa itatuwa da kiɗa da jawabi, kafin kaka akuya ta cinye su har ƙasa, don an kashe kuɗi kan rumfar baƙi an manta da ƙayar da za a kewaye dashen. A bana a karkatar da dashen wannan rana zuwa filayen unguwanni, jami'an gandun daji su ba da irin, kowane itace a damƙa shi ga gida guda da ke kallon filin. Kuɗin wannan bai kai na mita ɗari na kwalta ba.

Za a kuma ce filin zai zama matattarar ƴan shaye-shaye. Tsoro ne mai tushe, ban raina shi ba. Sai dai mai shan ƙwaya duhu yake nema da wurin da ba kowa, kango da bayan katanga, ba ya son inda mai ƙosai ke suya, tsohuwa ke kasa gyaɗa, liman ke wucewa sau biyar a yini. Don haka wurin da za a zaɓa ya zama a tsakiyar unguwa, ƙofofin gidaje na kallonsa, a sa masa fitila biyu masu aiki da hasken rana, a ba mata masu ƙananan sana'o'i izinin zama a bakinsa ba tare da haraji ba, a danƙa kula da shi ga mai unguwa da fadar samarin wurin. Samarin da ke kwana suna dafa shayi a bakin titi, in aka ce filin nan amanarku ce, sun fi kowane mai gadi da za a ɗauka da albashi.

Yanzu ga karnuka. A Turai da Amurka mutum kan fita da ɗansa a hannu guda, igiyar karensa a ɗayan, har akwai filayen da aka keɓe wa karnuka su kaɗai. Mu ba haka muke zama da kare ba, kuma ba na kiran a kwaikwayi kowa. Amma a ce kare baƙo ne a ƙasar nan, wannan ba gaskiya ba ne. Mafarauta na da nasu, masu garake da lambunan albasa na da nasu, masu gadi na da nasu, makiyayan Abalak da Tchintabaraden kuwa nasu siririn kare mai dogayen ƙafafu ya yi suna har duniya ta san shi da sunan kwarin Azawak, ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ma ta shigar da shi cikin jerin irin karnukan da take rajista a 2019. Ta fuskar addini, hadisi ya halatta riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma sanannen ra'ayin mazhabar Malikiyya da muke bi shi ne kare mai rai ba najasa ba ne. Malamanmu sun fi ni sanin wannan, a tambaye su. Damuwar iyaye ta haƙiƙa ita ce cizo, ita ce ciwon haukan kare, kuma suna da gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon na kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. In alamun ciwon suka bayyana, magani ya ƙare. Abin da ya fi ban tsoro shi ne yaron da ya tsokani kare aka yakushe shi a ƙauri, ya ja wando ya rufe, ya yi shiru don gudun bulala, ba a sani ba sai bayan makonni.

To amma hana dandali ba ya raba yaro da kare, domin a juji da lungu da bayan mahauta suke haɗuwa yanzu, inda babu babba ko ɗaya. Zuba wa karnuka guba lokaci-lokaci shi ma an gwada shi a ƙasashe da yawa bai kawar da ciwon ba: waɗanda suka tsira su hayayyafa, na ƙauye su shigo su cike gurbin, gubar kuma ta kashe abin da ba a nufa ba. Abin da ya yi aiki rigakafi ne. In aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura, ciwon ya rasa hanyar yaɗuwa. A Njamena, birnin da ya fi Tahoua girma nesa ba kusa ba, an yi gangamin rigakafi kyauta a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, ciwon ya ɗauke na wani lokaci kafin karnukan waje su sake shigo da shi, abin da ke nuna aiki ne na kowace shekara. Yawancin karnukan da ke yawo a gari suna da gidan da suke komawa, kuma sau da yawa yaran gidan ne kaɗai ke iya kama su. Ga amfanin fili a nan: rana guda a shekara, a ce 28 ga Satumba da duniya ta ware don yaƙi da wannan ciwo, likitocin dabbobi na ma'aikatar kiwo su kafa tebur ƙarƙashin bedi a kowace unguwa, yara su jawo karnuka, a yi allura, a ɗaura wa kowane kare alama a wuya. A nan kuma a koya musu abu biyu da kan ceci rai: kada a ɓoye cizo, kuma a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 kafin a ruga gidan likita. Sauran ƙa'idar mai sauƙi ce, mai unguwa ma zai iya tsayar da ita: kare mai alama, a igiya, a hannun mai shi, ya wuce ta gefen fili da sassafe ko bayan isha'i, wurin rairayin ƙananan yara kuwa a kewaye shi, ba kare ba akuya.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta ƙarshe, kuma ba a cika faɗinta a fili ba: sayar da filaye na cikin manyan hanyoyin da ma'aikatar magajin gari ke samun kuɗi, ga albashi, ga kwasar shara, ga baƙin da rikici ya koro, ga tsadar hatsi. Na yarda lokaci ne mai wuya. Amma abin da nake roƙo a wannan shekara bai wuce mai awo da duwatsun iyaka da sa hannu ba. Lilo da kujeru su jira, ƴan Adar da ke Abidjan da suka gina masallatai da azuzuwa a garuruwansu ba za su gaza wannan ba in sun tabbata filin ba zai koma gidan wani ba. Abin da su ba za su iya yi ba shi ne ba filin kariyar doka. Don haka ina roƙon ku sa a fitar da taswirar duk wuraren da aka ware wa jama'a a gundumomi biyu na birnin, a liƙa ta a ƙofar ma'aikatarku da ƙofar kowane mai unguwa, kowa ya ga wanda ya rage da wanda aka riga aka cinye, sa'annan a dakatar da sayar da ko ɗaya daga cikinsu har a gama awon, kafin ranar 3 ga Agusta mai zuwa.

Allah ya taya ku riƙo. Wassalam.

Daga wani ɗan Adar mazaunin Tahoua.