Kafin Ka Sayar Wa 'Yan Jari Bola Da Tsohuwar Kwamfuta

Yau ina so mu ɗan ajiye labarin masoya mu tattauna a kan wata sha'awa da na san wasu za su ce ta waɗanda cikinsu ya cika ce, wato tara tsofaffin kwamfutoci ana gyara su har su sake tashi. Ra'ayina shi ne mu nan Zariya, tun daga Dutsen Abba da Tudun Wada har zuwa Samaru, mun fi Turawan da suka fara abin bukatarsa, musamman mu masu son littattafan Hausa.

A Amurka da Ingila akwai mutanen da ba su da hira sai ta Apple II da ta fito a 1977, ko Commodore 64 da ZX Spectrum na 1982. Suna bin kasuwannin gwanjo suna saye, su buɗe, su sauya kafasitocin da suka kumbura, su cire batirin da ya tsiyaye yana cin fanel, sannan su ɗaura mata abin zamani, misali na'urar Gotek da ke zama a gurbin fulofi tana karanta filashi. Har kuɗi abin yana yi, don a 2014 an sayar da wata Apple-1 a kan dala 905,000. To amma kada wannan ya ruɗi kowa, tsohuwar Pentium da ke ƙarƙashin gadon kawunka ba za ta sayi ko babur ba.

Abin da ya ja hankalina wani ne daban da ya faru a wannan shekara ta 2014. Wani shahararren mai zane na Amurka, Andy Warhol, ya yi wasu zane-zane a kan kwamfutar Amiga a 1985, suka zauna cikin faya-fayen fulofi kusan shekara talatin ba wanda ya iya buɗe su. Waɗanda suka fito da su 'yan ƙungiyar kwamfuta ne na Jami'ar Carnegie Mellon, irin waɗannan masu wasa da tsofaffin injuna. Da ba su, da zanen yana nan a kulle har faifan ya ruɓe.

To, jama'a, mu dawo gida. Tudun Wada gari ne na ɗab'i, a nan aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, kuma abin da aka buga a wancan zamani an same shi a takarda mai kyau, ɗakunan karatu sun adana. Matsalar tana ga zamanin da ya biyo baya. A shekarun 1990 zuwa farkon 2000, lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwa, marubuci yakan rubuta labarinsa a littafin makaranta ya kai shagon buga takardu, a buga masa a kwamfuta, a tsara shafuka, a kai maɗaba'a. Takardar mai araha ce, littafin ya bi hannu goma a gidan aure da ɗakin 'yan mata har bangon ya fita. Yau sai ka ji ana cigiyar littafi na biyu ko na uku na wani labari, marubuciyar kanta ba ta da kwafi. Ina asalin rubutun yake? In yana raye, yana cikin wani fulofi a ƙasan akwati, ko a faifan ajiyar wata kwamfuta da ƙura ta rufe a bayan shago. Haka kundayen digiri da ɗaliban Kongo da Samaru suka buga a irin waɗannan shaguna.

Kuma fulofi ba ya jira. Kamfanin Sony ya daina yin sa a 2011, kwamfutocin yanzu ba su da ma ƙofar da za a zura shi. Laimar damina tana sa masa fumfuna, ƙurar hunturu tana kankare fuskarsa. Abin da yake ɗauka bai wuce megabait 1.44 ba, hoto ɗaya na wayarka ya fi haka nauyi, amma wallahi wannan ɗan wuri ya isa ya ɗauke labari sukutum.

Ko an buɗe faifan ma da sauran aiki. Kafin tsarin Yunikod ya yaɗu, kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro haruffan Rabi'at da Abdalla a shekarun 1990 don magance wannan, wasu ma suka yi nasu. Dabarar ita ce a aro wani maɓalli a ɗora masa harafi mai ƙugiya. Shi ya sa in ka buɗe tsohon rubutu a sabuwar kwamfuta sai ka ga "qasa" da "xaya" da "vata", ko ka ga wasu alamomi sun tsaya a gurbin haruffa. Wanda ke da tsohon inji mai Windows 98 da haruffan a ciki, shi zai ga shafin yadda mai shi ya tsara shi.

Na san za a ce ana fama da kuɗin abinci da rashin wuta, wa ke da lokacin tsohon ƙarfe? Maganar tana da ƙanshin gaskiya, kuma ba kowa nake kira ya shiga ba. Mutum biyar ko goma masu hannu, irin yaran da ke gyaran waya da rediyo a Sabon Gari, sun ishi garin nan. Kayan aikin ba su wuce ƙarfen narka dalma da mita da buroshi ba. Injunan kuwa kusan kyauta ake rabuwa da su, don ɗan jari bola awon nauyi yake yi, jan ƙarfen ciki yake nema, bai damu da ko littafin wa ke cikin faifan ba. Ba na ganin laifinsa, sana'arsa yake yi. Laifin namu ne da muke miƙa masa ba tare da mun duba ba.

Inda na saɓa da wasu masu wannan sha'awa shi ne gaggawar yi wa inji kwaskwarima. Sai mutum ya samu tsohuwar kwamfuta ya goge faifanta ya zuba wasanni. A wurina wannan ɓarna ce. A fara kwafe duk abin da ke ciki, sannan a yi gyaran da za a iya warwarewa, a ajiye tsohon faifan a gefe da suna a jiki. In kuma an tarar da wasiƙu ko hotunan mutane, amana ce, a nemi masu su. Littafi ma haƙƙin marubucinsa ne, ba a watsa shi a intanet sai da izininsa.

Ya kamata Jami'ar Ahmadu Bello ta ware ɗaki guda a cibiyar kwamfuta ta Iya Abubakar ko a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, inda marubuci zai kawo fulofinsa a karanta masa. Kafin nan, wanda ya tono tasa daga ɗakin shirgi kada ya yi saurin jona ta da wuta. Ya fara duba ɗan jan makunnin da ke bayanta, don injunan da suka zo daga Amurka sau da yawa suna kan 115, wutarmu kuwa 230 ce, jonawa ɗaya ta isa ta ƙone shi. Allon kallo mai ƙeya kuma a bar wa gwani ya buɗe, yana riƙe wuta ko bayan an kashe shi.