Bizar aure ta Amurka: Kafin ka roƙi ɗan uwanka ya tsaya maka, faɗa masa gaskiya

Akwai wani abokina da aka haifa a Amurka lokacin da mahaifinsa ke karatu a can, aka dawo da shi gida tun yana goye. A nan ya yi karatu, a nan ya yi aure, a nan yake aiki. Da ya yanke shawarar komawa can da matarsa, a zatonsa abin da zai ba shi wahala shi ne tabbatar wa hukuma cewa aurensu na gaskiya ne. Ya tara hotunan ɗaurin aure da takardar shaidar aure da duk abin da ya dace, kuma aka amince da buƙatarsa ta farko, wato fom I-130. Sai da takardunsa suka isa Cibiyar Biza ta Ƙasa, wadda ake kira NVC, sannan ya gane cewa ashe tsugune ba ta ƙare ba. Abin da ya tsayar da shi watanni shi ne fom I-864, takardar rantsuwar ɗaukar nauyi.

Ra'ayina a kan wannan takarda kashi biyu ne. Na farko, tsarin yana takura wa wanda ke zaune a wajen Amurka fiye da kima. Na biyu, wanda shi ya fi damuna, mu kanmu muna ɗaukar takardar da wasa. Muna ɗauka sa hannu ne kawai, alhali lamuni ne da kotu ke iya kama mutum a kansa.

Bari mu fara da abin da takardar ke buƙata. Dokar shige da fice ta 1996 ce ta mayar da ita yarjejeniyar da ke da ƙarfin shari'a. Duk wanda ya nemar wa matarsa ko mijinta bizar zama na dindindin, dole ya nuna cewa abin da yake samu a shekara ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci da gwamnatin Amurka ke fitarwa duk shekara. A ma'aunin 2025, gida mai mutum biyu yana buƙatar dala 26,437 a yawancin jihohi. Idan akwai yara uku, gidan ya zama na mutum biyar, adadin ya haura dala 47,000. Idan aka lissafa dala a kan Naira 1,500, ko na mutum biyun ma ya kusa Naira miliyan 40 a shekara. Ma'aikacin da ke ɗaukar Naira 800,000 a wata, wanda a nan ake yi wa kallon mai rufin asiri, abin da yake samu a shekara dala 6,400 ne kacal.

To ko da albashin ya kai, akwai wani tarnaƙin. Kuɗin da mutum ke samu a ƙasar waje ba ya shiga lissafi sai ya nuna cewa zai ci gaba da samunsa daga wannan tushen bayan ya koma Amurka. Likitan da ke aiki a Jidda ko injiniyan da ke Dubai na iya samun fiye da abin da ake nema, amma ranar da ya ajiye aikin ya hau jirgi, albashin ya yanke. A idon jami'in biza, babu abin da zai dogara da shi.

Sai batun mazauni. Dole mai ɗaukar nauyi ya kasance Amurka ce mazauninsa, ko ya nuna cewa zamansa a waje na ɗan lokaci ne, ko kuma ya kawo hujjar cewa zai koma ya zauna kafin matar ta shiga ƙasar ko tare da ita. Hujjojin da ake dubawa sun haɗa da takardar kama hayar gida, wasiƙar ɗaukar aiki, asusun banki a can, da rajistar yara a makaranta. Wannan sharaɗi babu wanda zai cika wa mutum shi. Ko da attajiri ne ya tsaya maka, idan ba ka tabbatar da mazauni ba, bizar ba za ta fito ba.

Na uku shi ne haraji, kuma a nan ne 'yan uwanmu da aka haifa a can suka tashi a nan suke faɗawa rami. Amurka na buƙatar ɗan ƙasarta ya riƙa cike takardar haraji a kan abin da ya samu ko'ina yake a duniya, muddin ya kai adadin da doka ta ƙayyade. Cikewar ba ta nufin dole sai ya biya, domin akwai rangwame ga kuɗin da aka samu a waje, wanda a shekarar 2024 ya kai dala 126,500. Amma fom I-864 na neman takardar harajin shekarar da ta gabata, ko rubutaccen bayanin dalilin da ya sa doka ba ta wajabta wa mutum cikewa ba. Abokina bai taɓa jin wannan ba a rayuwarsa. Sai da ya koma baya ya gyara.

Idan kuɗin shiga bai kai ba, ana iya cike giɓin da kadara. Ga ɗan ƙasa da ke nemar wa matarsa, darajar kadarar sai ta ninka giɓin sau uku. Wanda ba shi da albashin da zai ci gaba, giɓinsa duka adadin ne, wato yana buƙatar kadarar fiye da dala 79,000 ga mutum biyu. Kuma sai kadarar da za a iya sayarwa cikin shekara guda, a fitar da kuɗin daga ƙasar da take. Filin da shaidarsa takardar mai unguwa ce, ko gidan gado da ba a raba ba, ko shanun da ke hannun makiyayi, duk dukiya ce a wurinmu, amma wuyar tabbatarwa gare su a gaban jami'in da takarda kawai yake gani.

A nan nake ganin tsarin bai yi adalci ba. Manufarsa mai kyau ce, kowace ƙasa na da ikon tabbatar da cewa baƙon da ta karɓa ba zai zama nauyi a kan baitulmalinta ba. Amma sakamakon a aikace shi ne ana tilasta wa miji ya bar iyalinsa ya tafi shi kaɗai, ya nemi aiki, ya tara takardun albashi, matar kuma na nan tana jira da yara watanni. Bizar da aka ƙirƙira don haɗa iyali ta zama sanadin raba su. Da ana duba tarihin aikin mutum da sana'arsa da muhimmanci, da an rage wannan wahala.

Sai dai dokar wata ƙasa ba mu ne za mu gyara ta ba. Abin da ke hannunmu shi ne yadda muke bi da mafita ta ƙarshe, wato neman wanda zai tsaya tare da mai nema. Doka ta yarda wani ɗan ƙasa ko mai izinin zaman dindindin, wanda ya kai shekara 18 kuma yake zaune a Amurka, ya cike nasa fom ɗin, ko da babu dangantaka tsakaninsu. Yadda muke yi kuwa sananne ne. A ɗauki waya a kira ɗan baffa da ke New York ko Houston, a ce, "Yaya, wata 'yar takarda ce za ka sa mana hannu." Idan ya yi jinkiri, a kai ƙararsa wurin Hajiya, a ce ya shiga Turai ya manta da zumunci.

Ga abin da ba a faɗa masa. Wanda ya sa hannu ya ɗauki alkawarin tabbatar da cewa matar ba za ta rayu a ƙasa da wancan ma'auni na kashi 125 ba. Idan ta karɓi wasu nau'o'in tallafin gwamnati da ake bai wa marasa ƙarfi, hukumar da ta bayar na iya neman ya biya. Ita kanta matar tana da ikon kai shi kotu ta nemi haƙƙinta. Nauyin ba ya sauka sai ta zama 'yar ƙasa, ko ta cika zango 40 na aiki, kimanin shekara 10 ke nan, ko ta bar ƙasar ta rasa izinin zamanta, ko ɗayansu ya rasu. Saki ba ya cikin jerin. A wurinmu, idan aure ya mutu aka gama idda, ciyar da matar ya sauka daga kan miji. A wannan takarda kuwa, aure na iya mutuwa, mijin ya dawo Kano ya sake wani auren, ɗan baffan da ya yi taimako yana can da igiya a wuyansa.

Wani zai ce ai ba kasafai ake kai irin wannan ƙara ba, kuma faɗin haka zai sa mutane su guji taimakon 'yan uwansu. Ban yarda da wannan hujja ba. Taimakon da aka samu ta hanyar ɓoye gaskiya yaudara ce, ko da ba a yi niyyar cuta ba. Addininmu ya ɗauki lamuni da nauyi, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take. Wanda zai tsaya maka yana da haƙƙin ya san tsawon lokacin, ya san adadin, ya yi shawara da matarsa, domin abincin gidansa ne ya jingina. Idan ya ce ba zai iya ba, uzurinsa karɓaɓɓe ne. Wataƙila ya riga ya tsaya wa wani, kuma wanda ya tsaya wa ɗin yana cikin lissafin mutanen gidansa har yanzu.

Haka kuma ina jan kunne game da ejan-ejan da ke cewa za su haɗa komai. Takardar banki ta bogi, ko kuɗin aro da aka zuba a asusu mako guda kafin a buga bayanin, ko ɓoye wasu 'ya'ya don a rage yawan mutanen gida, duk ganganci ne. Da rantsuwa ake sa hannu a fom ɗin, kuma ƙarya a kan muhimmin bayani na iya jawo wa matar haramcin shiga ƙasar na har abada. Takardar da ba ta cika ba, jinkiri take jawowa, a ce a kawo ƙari. Takardar ƙarya kuwa ƙofa take rufewa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Shawarata ga mai wannan niyya ita ce ya fara da haraji tun kafin ya shigar da buƙatar farko. Ya ƙirga mutanen gidansa da gaskiya, ya duba ma'aunin shekarar a fom I-864P, wanda ke shafin hukumar USCIS kyauta. Ya bibiyi sanarwar ofishin jakadanci da kansa, domin manufofin biza na sauyawa daga gwamnati zuwa gwamnati. Ya sa matarsa a cikin lissafin, ta karanta abin da aka rubuta da sunanta, tunda ita za ta tsaya gaban jami'i a Legas, inda ake tantance masu neman bizar zama daga Najeriya. Idan lamarin ya cakuɗe, kuɗin lauyan shige da fice mai lasisi ya fi na ejan albarka.

Abokina dai a ƙarshe ya aika wa ɗan uwan nasa fom ɗin gaba ɗaya, ya ce ya karanta sashen alkawarin da kyau kafin ya ba shi amsa. Mutumin ya yi mako biyu bai ce komai ba, sannan ya kira ya ce ya amince, da sharaɗin matar ta nemi zama 'yar ƙasa da zarar lokacinta ya yi. Har yau zumuncinsu na nan, kuma ina ganin dalilin shi ne babu wanda aka rufe a cikinsu.